Ranar da Tela Ya Kwance Kwalliya

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa. Ƙanin mijina, Allah Ya jiƙan yayansa, har yau Tela ake ce masa, alhali rabonsa da taka keken ɗinki an daɗe. Ya yi fama da mutane su daina. Har allo ya sa aka rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa nan shagon haɗa bidiyo ne, ya kafa a saman ƙofa. Duk da haka ko wanda ya kawo aikin bidiyon sai ya tsaya a ƙarƙashin allon, ya karanta tsaf, sannan ya leƙa ya ce, "Tela yana ciki?"

Shagon ɗakin gaba ne na gidana. Akwai ƙofa tsakaninsa da barandar da nake zama in na gama aikin safe, kuma tun da ruwan sama ya kumbura ta ba ta rufuwa sosai. Ba saurare nake ba, Allah Ya sani. Magana ce take zuwa ta same ni a kan tabarmata.

Tun yana ɗinki an san halinsa. Hannunsa na da kyau, ba a taɓa cewa rigarsa ta ɓarke ba, amma ba ya iya ganin inda ƙyalle biyu suka haɗu ya ƙyale. Sai ya bi wurin da zare mai sheƙi, ko ya ɗora leshi, ko ya jera maɓallai. In an yi magana ya ce, "Mahaɗa tsiraici ce, ni kuwa ba na fitar da kaya tsirara." Marigayi mijina ya taɓa ba shi farin yadi, ya ce riga yake so ta zuwa gaisuwar rasuwa, kada a yi mata aikin komai. Rigar ta dawo da zare ruwan zinariya daga kafaɗa har gwiwa, a bakin aljihu kuma wani abu kamar furen kabewa. Marigayi ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Ƙanena, in na shiga gidan makoki da wannan ai cewa za a yi murna na zo yi." Da ita yake kwanciya har Allah Ya karɓi abinsa. Ya ce ba ta da laifi in an kashe fitila.

Da ɗinkakkun kaya suka cika kasuwa, ɗinki ya ja baya. Wata rana wani ya nuna masa bidiyo a waya, inda hoto ya naɗe kamar tabarma, wani ya fito daga ƙarƙashinsa. Tela ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ba a jima ba ya sayar da kekunansa, ya shigo da kwamfuta 'yar gwanjo, da tebur, da kujera mai juyawa wadda ƙafarta ɗaya take ciwo.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ido ya daɗe yana gani yakan gane. A ƙasan gilashin kwamfutar guntayen bidiyo ne suke jeruwa, ɗaya na bin ɗaya, kamar ƙyallayen da aka yanka aka shimfiɗa kafin ɗinki. In wannan ya ƙare, wancan ya fara. To a daidai inda biyu suka haɗu ana iya ɗora wani ɗan akwati ƙarami, shi ne zai sa hoton ya juya, ko ya tarwatse, ko ya narke cikin na gabansa. Masu sana'ar suna da sunan da suke kiransa, harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Tela dai kwalliya yake cewa, mu ma muka bi shi. Manhajar da yake aiki da ita kuwa tana da rumbu guda na wannan kwalliya, ka yi ta jan linzamin kwamfuta ƙasa ba ta ƙarewa. Ranar da ya gano rumbun sai da ya leƙo baranda fuska na walƙiya.

"Yaya, ashe Allah bai manta da ni ba."

Hali zanen dutse. Mutumin da bai bar mahaɗar riga ba, ina zai bar ta bidiyo? Kuma ba ya maimaita kwalliya ɗaya sau biyu a aiki guda, wai rowa ce.

Ni ce mai kallon farko. Duk aikin da ya gama sai na ji, "Yaya, zo ki gani." In an kunna sai na dafa ƙofa. Hoto ya yi sama, ya yi ƙasa, ya juya kamar fanka, taurari su zubo, wani ya fito daga cikin zuciya, wani ya shige rami.

"Ya kika gani?"

"Bari ƙasa ta tsaya tukuna."

Na koyi kada in shiga shagon nan da ciki a cike.

Mai aski da ke maƙwabtaka da mu, abokin tsokanarsa tun suna samari, ya taɓa ba shi aikin talla. Aka nuna kan wani bawan Allah ana yi masa aski, sai kan ya rabe gida huɗu, kowane ɓangare ya kama gabansa, mai aski ya fito daga tsakiya yana murmushi da reza a hannu. Mai aski ya kalla, ya ce, "Tela, ni aski nake yi, ba fawa ba. Wa zai kawo mini kansa bayan wannan?" Tela ya ce matsalar mutanen layin nan ke nan, ba su da ido. Aiki dai yana zuwa jefi-jefi, amma ban cika ganin mutum ɗaya ya dawo sau biyu ba.

Surukin Tela, uban matarsa, gonar kaji gare shi a bayan gari, babba. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, hularsa kullum a tsaye kamar an gwada da ma'auni. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana sakace. Mai Kaji kowa ke ce masa, amma ba a gabansa ba. Wata safiya motarsa ta tsaya a ƙofar shago. Ya shiga, ya ƙi zama, ya dubi kwamfuta, ya dubi ƙasa.

"Yaro, lokacin da kake ɗinki, in na zo ina ganin zare da ƙyalle a ƙasa, na san an yi aiki. Yanzu me ake sharewa a nan da yamma?"

Tela ya fara bayanin zamani. Mai Kaji ya ɗaga hannu.

"Ina da gurbi a gona. Mai kula da kwasar kashin kaji ya ajiye aiki, ƙirjinsa ba ya ɗauka. Kai naka ƙirjin lafiya lau. Amma ba na son a ce na zalunce ka. Zan buɗe sabon shagon ƙwai, ina son tallar gonata da za a nuna wa diloli. Ka yi. In ta yi, ka ci gaba da juyi a kujerarka, ba zan sake magana ba. In ba ta yi ba, ka rufe nan ka zo gona. 'Yata da jikokina ba hoto za su ci ba."

Tela ya dafa ƙirjin da aka yaba, ya ce ya yarda.

Matarsa, Maman 'yan biyu, mace ce mai hankali da saurin dariya. Da ta ji, ta zo har shago da mayafinta a karkace.

"Baban 'yan biyu, don girman Allah ka sassauta hannu. Baba fa ko shayi ba ya sa wa sukari."

"Ke dai ki zuba ido. Bai taɓa ganin aiki ba ne."

"Abin da nake tsoro ke nan, ya gani."

Ya je gona da kyamara ya yini, ya dawo da warin da sai da na kunna turare a baranda. Muryar Mai Kaji daban aka ɗauka, a cikin mota an rufe gilasai, don kaji ba su bari a ji magana. Shi zai riƙa bayani, hotuna na tafiya a kan muryarsa. Daga nan Tela ya shige shago ya ja labule. Kwana da kwanaki ban ji "Yaya, zo ki gani" ba. Da na tambaya ya ce wannan karon kowa tare zai gani. Na ce Allah Ya sa mu gani da alheri, na ƙara yawan addu'a.

A falon Mai Kaji aka nuna, bayan la'asar. Manyan dilolin ƙwai sun cika kujeru da manyan riguna, an zuba musu shayi. Direbansa na tsaye a bakin ƙofa. Mu mata muna daga gefe kusa da ƙofar ciki, ni da Maman 'yan biyu da mahaifiyarta. Tela ya haɗa waya da talabijin, ya miƙa wa surukinsa rimot da hannu biyu.

Ƙofar gona ta fito, ta yage kamar takarda, kaji suka ɓullo. Kajin suka juya sau uku suka shige wani rami, tiren ƙwai ya faɗo daga sama. Ƙwan ya tarwatse ya zama taurari. Wani dillali ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙwai dai ko a hoto ba a so ya fashe." Aka nuna ma'aikata, suka ninke kamar mayafi. Sai ga shi da kansa a tsaye gaban rumfa, hula a miƙe, fuska ba wasa, muryarsa tana cewa shi ne mai gonar kuma amana ce jarinsa. Na ce a raina alhamdulillahi, wannan ya yi kyau.

Bayan hotonsa hoton talotalo ne, wani ƙato da gonar ke alfahari da shi. A nan Tela ya sa kwalliyar da ya fi ji da ita, mai narkewa a hankali, don girmamawa, in ji shi daga baya. Fuskar Mai Kaji ta fara dushewa, ta talotalo ta fara bayyana, kuma kawunan biyu sun zo daidai wuri ɗaya. Abu ne na ƙiftawar ido, da ya wuce shi ke nan. Sai wayar Mai Kaji ta yi ƙara. Ya danna rimot ya tsayar da bidiyon, ya juya wajen taga yana amsawa.

Abin da ya tsaya a talabijin, Allah Ya yafe mana. Hula tasa ce, idanu nasa ne, amma a wurin hanci baki ne mai lanƙwasa, kuma a inda gemu yake jan naman nan ne da ke reto a wuyan talotalo. Halittar tana kallonmu ba wasa, kamar za ta tambayi wanda ya ci bashi.

Wayar kuwa doguwa ce, kan farashin dusa ake ja. Wani dillali ya tura fuskarsa cikin kofin shayi bai fito ba. Wani ya kama tarin da ba shi da shi. Direba ya sulale waje, muna jiyo shi a jikin mota kamar taya na sace iska. Mahaifiyar Maman 'yan biyu, matar da ta yi shekaru da mutumin nan, ta cusa bakin mayafi a baki, hawaye na zuba. Ni na sunkuyar da kai na kama istigfari, amma kafaɗuna suka ci amanata. Tela yana ta miƙa hannu wajen rimot, rimot kuma yana hannun surukinsa yana nuni da shi a kan dusa.

Da ya gama ya juyo. Ya dubi talabijin. Ya daɗe.

"Wane ne wannan?"

"Baba, ai narkewa ce. Ba a tsayawa a nan, wucewa ake yi."

"Na tsaya."

Ya matsa kusa da talabijin.

"Hular tawa ce."

"Taka ce, Baba."

"Wuyan fa?"

Dillalin da ya tura fuska a kofi ya tashi ya ce ya tuna ya bar shago a buɗe.

Da baƙi suka watse na ɗauka magana ta ƙare, gobe Tela sai gona. Maman 'yan biyu ce ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ce hotunan ai ba laifinsu, kwalliyar ce ta yi yawa, kuma ana iya cirewa. Mai Kaji ya dubi 'yarsa, ya dubi mijinta.

"Duk abin da ke juyi, ko fashewa, ko narkewa, a cire. Kaza ta zama kaza, ni in zama ni. Ƙarshen mako zan biyo shagon da kaina. Daga nan ba sauran magana."

Washegari da hantsi Tela ya kira ni, ba don in gani ba, don dai kada ya zauna shi kaɗai. Maman 'yan biyu ta ja kujera ta zauna a bayansa kamar mai gadin jarrabawa. Ya kai linzami kan akwatin farko, ya danna, akwatin ya canja launi. Yatsansa ya tsaya a kan madannin gogewa.

"Wannan rabin yini na yi ina zaɓenta."

"Allah Ya jiƙanta. Danna."

Ya danna, ta ɓace. Ta biyu ya ce ita ko a manyan finafinai ba kowa ke samunta ba. Ta uku ya ce a bar ta, ai ba ta yi wa kowa komai ba. Matarsa ta ce ita ce ta jefa kajin ubanta a rami.

Akwatunan ƙanana ne ƙwarai. Wajen ta huɗu ya kuskure ya danna guntun bidiyon kansa, ya goge. Kaji gaba ɗaya suka ɓace, baƙin gurbi ya zauna a wurinsu. Maman 'yan biyu ta ɗora hannu a ka ta yi salati. Tela ya danna wasu madannai biyu tare, kajin suka dawo cif, ko gashi ɗaya bai ɓata ba. Ashe akwai abin da ke mayar da mutum baya zuwa kafin kuskure. Na daɗe ina kallon madannan nan.

Mai aski ya leƙo da tawul a kafaɗa.

"An ce an yi rashi a gidan nan, na zo gaisuwa. Ya haƙuri?"

"Fita, mahauci."

"Ɗaya-ɗaya kake yi? Haka za ka kai baɗi. Ni in zan yi ƙwal-kwabo ba gashi-gashi nake tsinka ba."

Maganar ta yi wa Tela zafi, amma ta shige shi. Ya buɗe layin guntayen ya faɗaɗa har akwatunan suka fito manya, ya laluba, ya gano yadda ake zaɓarsu gaba ɗaya a bar guntayen bidiyo. Duk suka canja launi lokaci guda, jere reras daga farko har ƙarshe. Ya ɗora yatsa ya kasa. Ya dube ni.

"Yaya, aikin kwana da kwanaki."

Na ce, "Wanda Ya ba ka su Yana da wasu."

Maman 'yan biyu ba ta jira wa'azi ya ratsa shi ba, ta ɗora yatsanta a kan nasa ta danna. Layin ya yi fes. Mai aski ya ce yanzu ya ga aski.

Tela ya share fuska ya ce bari mu kalla sau ɗaya ya ajiye aikin, kowa ya huta. Aka kunna. Ƙofar gona, sai kaji, ba juyi ba rami. Na saki ƙofar da na dafa. Amma da tafiya ta yi tafiya sai na ji abu bai zauna ba. Muryar Mai Kaji tana yabon ƙwai, kaji ake nunawa. Tana cewa ga ma'aikatanmu masu ƙwazo, tiren ƙwai ne zaune ba motsi. Tana cewa ga ni nan, ni ne mai gonar, sai ga tsohon mai gadi yana hamma. Sannan hoton Mai Kaji ya fito, tsaye, hula a miƙe, muryarsa da kansa tana cewa, "Ku dubi wannan. Ba irinsa a duk yankin nan. Ci kawai ya sani, ga ƙiba, ga faɗa. Duk mai so ya zo ya taya."

Maman 'yan biyu ta zame daga kujera. Dariya take har ba sauti, tana dukan ƙasa, daga nan kuma ba tare da ta tashi ba abin ya juye kuka na gaske, tana cewa shi ke nan, ita da warin kaji har abada, a gidan uba a gidan miji. Mai aski ya riƙe ciki a bakin ƙofa.

"Jiya rabi ka ba shi, yau ka ba shi talotalon gaba ɗaya!"

Tsugune ba ta ƙare ba. Tela bai kula kowa ba, ya ƙura wa layin ido. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, ashe kowace kwalliya tana ɗora wutsiyar wannan guntu a kan goshin wancan, ta cinye kaɗan nan kaɗan can. Da aka cire, kowane guntu ya miƙe ƙafa, kamar rigar da aka kwance wa kalmasa. Hoto ya ƙara tsawo, murya kuwa tana inda take, shi ya sa ta riga shi, kuma tazarar sai ƙaruwa take har ta kai inda ta kai.

"To mayar da su," in ji mai aski.

"A'a," in ji Tela. "Yanka za a yi."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin shagon nan shiru haka ba. Ya sa abin ji a kunne, ya saurari kalma, ya ja gefen guntu kaɗan, ya koma baya, ya sake saurara. Wani wurin ya maimaita har ni a baranda na haddace maganar. Da can ba ya kallon mahaɗa, rufe ta yake yi. Yanzu da ba abin rufewa sai ya ga ashe wurin yankan ma magana ne. In ya yanka kaza na tsakiyar sunkuyawa, ido ya yi tuntuɓe. In ya jira ta ɗago kai, sai na gaba ya shigo ba ka ji ba. Ya raba surukinsa da talotalo, ya sa buhunan abinci da motar kaya a tsakaninsu, ya ce ko maƙwabtaka ba za su sake yi ba. Da ya kira ni na kalla har ƙarshe a tsaye, hannuna a sake. Na ce masa ya yi. Ya ce shi kunyar abin yake ji, kamar ya fita ba riga.

Mai Kaji ya zo ranar da ya ce, shi kaɗai, ya bar direba a mota. Wannan karon ya zauna. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake, kuma a nuna masa madannin tsayarwa. Ya riƙa tsayarwa ba zato, nan da can, yana leƙa fuskarsa ko wani tsuntsu ya shigo. Bai samu ba. Ya gyara hula.

"Babu laifi."

Maman 'yan biyu ta matse mini hannu.

"To amma ina aikin?"

"Baba?"

"Gona ce, kaza ce, ni ne. Wannan ai direbana ma zai ɗauka da wayarsa. Da ka yi abu, ka ɓata. Da ka gyara, ban ga ka yi komai ba. A kan me za ka zauna a nan?"

Tela ya dubi kwamfuta, ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa.

"Baba, aikin yana cikin abin da na yanke."

"Nuna mini."

Tela ya juyo wajenmu. Sannan ya ce, cikin ladabi, ni da matarsa mu ba su wuri. Ita ta fita ta ƙofar titi. Ni na koma tabarmata na ja ƙofa, ta rufu iya yadda take rufuwa.

Da farko kukan kaji ne. Sai kururuwar talotalo, kusa ƙwarai. Sai muryar Mai Kaji, ba irin ta cikin mota ba, wata siririya da ban san yana da ita ba: "Kai! Kai! Ku riƙe shi! Ina mai gadi?" Sai gudu, sai bokiti ya kife, sai salati. Ban yi niyyar dubawa ba, amma tsagar ƙofar tana daidai idona. Na hango babban mutum ya tattare riga har ƙugu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana hawa buhunan dusa da gwiwa, hula a ƙasa talotalo na tattaka ta. Na mayar da idona kan carbi.

Aka kashe.

"Ashe ranar a gona kyamarar a kunne take," in ji Mai Kaji.

"A kunne take, Baba."

"Wa ya ga wannan?"

"Ni kaɗai. Ko 'yarka ban nuna wa ba."

"Mai askin nan fa?"

"Da ya gani, da gari ya gani."

"Ranar da na tsayar da kai gaban diloli, tana nan a wurinka?"

"Tana nan."

Kujera mai ciwon ƙafa ta yi ƙara. Mai Kaji ya yi gyaran murya.

"Goge."

Na ji danni.

"Ba ta inda za ta dawo? Na ji an ce kuna da abin dawowa."

Na ji wasu dannin, Tela na nuna masa kwandon da ake zubar da abin da aka goge, da yadda ake juye shi ma.

"Da direbana ne ya ɗauka," in ji Mai Kaji a hankali, "da yanzu har jikokina sun haddace." Ya gyara zama. "Dillalai biyu sun tambaye ni mai yin talla. Zan turo su. Ka zauna a shagonka."

"Na gode, Baba. Allah Ya ƙara girma. To su nasu, ko 'yar ƙarama guda ɗaya, a ƙarshe-ƙarshe, mai ɗan..."

"Ban sa kowa a gurbin nan ba tukuna."

"Ba za a sa ba, Baba."

Maimakon ya fita ta titi sai ya turo ƙofar baranda, wai zai gaishe ni. Ya dubi ƙofar, ya gwada rufe ta, ta ƙi. Ya dubi tazarar da ke tsakaninta da tabarmata.

"Malama, kin ji wani abu?"

Ni ba na ƙarya, kuma ban fara a kansa ba.

"Na ji wani bawan Allah na neman taimako, na yi masa addu'a."

Ya tsaya yana kallona. Gefen bakinsa ya yi wani ɗan motsi, ya danne shi.

"An karɓa," ya ce, ya fita.

Tela yana nan a shagonsa, dillalan sun zo, sun kuma dawo. Da ban ba da wannan labari ba, don abin da aka goge ba nawa ba ne in tono. Amma tun da aka sayar da talotalon, Mai Kaji da kansa yake ba da shi a duk inda aka taru, har da kwaikwayon kururuwa. Sai dai a bakinsa, talotalon ne ya hau buhu.